Ba Shaho Ne Ya Cinye Tsuntsayen Lambun Ingila Ba

Na karanta rubutun da ɗan'uwanmu mazaunin Ingila ya aiko wa wannan mujalla a kan ɓacewar ƙananan tsuntsaye daga lambunan gidajen Birtaniya. Hujjar Malam a taƙaice ita ce: tun da doka ta hana kashe shaho, masu gadin gandun farauta kuma suka sassauta wa dangin hankaka, maharan nan suka yi yawa, a daidai lokacin ne kuma gwara da 'yan'uwanta suka yi ta raguwa. Don haka, in ji shi, in ana son tsuntsaye su dawo sai a sassauta doka a rage shaho, a rage magfai, wato ɗan'uwan hankakan nan baƙi da fari mai doguwar jela, a haɗa da kyanwa. Ya ƙara da zargin cewa ƙungiyoyin kare tsuntsaye sun san gaskiyar maganar, gudun ɓata wa masu ba su gudummawa rai ne ya sa suke kau da kai.

Raguwar kam babu mai musunta. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta Birtaniya, BTO, ta lissafa a 2023 cewa tsuntsayen ƙasar sun ragu da miliyan 73 in aka kwatanta da 1970. Gwarar gida kaɗai ta ragu da kusan miliyan 30, tsuntsun da suke kira sitalin kuwa da miliyan 20. Wanda ya tashi yana jin hayaniyar gwara a bakin rufi, yau ya wayi gari shiru, yana da gaskiya in ransa ya ɓaci, kuma ni ma nawa ran a ɓace yake. Inda muka rabu da Malam shi ne wajen nuna mai laifi. A ganina an bar jaki ana dukan taiki, kuma in aka bi shawararsa za a zubar da jinin tsuntsun da bai ji ba bai gani ba, alhali abin da ke kashe ƙananan yana nan yana ci gaba da aikinsa.

Na san abin da ya sa ido ke saurin faɗawa kan shaho. Kana tsaye a tagar kicin kana kallon 'yan tsuntsaye suna tsattsagar gyaɗa a mazubin da ka rataya musu, sai wani abu mai launin toka ya ƙetaro shinge ƙasa-ƙasa. Kafin ka ƙifta ido ya danne ɗaya a kan ciyawa, ya baza fikafikai ya lulluɓe shi, ya fara fige shi da sauran ransa, yana ɗago kai yana kallonka da idanun nan nasa rawaya. In ya tashi sai ka tarar da gashi a zagaye a ƙasa, lambu kuma ya yi tsit. Babu mai zuciya a ƙirji da zai ga wannan bai ji zafi ba. Kuma adadin da Malam ya kawo ba ƙarya ba ne: an ƙiyasta cewa shaho da matarsa da 'ya'yansu suna bukatar nama kimanin kilo 55 a shekara, wanda in gwara zalla za su ci ya kai 2,200.

Amma tambayar da ya kamata a yi ba ita ce nawa shaho ke ci ba. Tambayar ita ce, in babu shi, nawa ne daga cikin waɗanda yake ci za su kai bazara mai zuwa su yi sheƙa?

Ɗauki ɗan tsuntsun nan da suke kira tit, mai baƙin kai da fararen kumatu da ƙirji ruwan ɗorawa. Mace ɗaya tana saka ƙwai bakwai, takwas, tara, wani lokaci fiye. A ce 'ya'ya takwas sun tashi daga sheƙa, ga uwa ga uba, tsuntsaye goma ke nan a ƙarshen lokacin haihuwa. Don yawansu ya tsaya yadda yake, biyu kawai ake bukata su kai baɗi. Sauran takwas ɗin mutuwa za su yi, ko da shaho ko babu shi, domin hunturu ba shi da abincin da zai riƙe goma, kuma dajin ba shi da gurbin da zai ba goma su kafa gida. Kamar manomin gero ne da ya zuba ƙwayoyi da yawa a rami ɗaya, suka tsiro gaba ɗaya. Ko ya dawo ya rage ko bai rage ba, ramin ba zai ba shi zangarniya goma masu kyau ba.

Wannan ba lissafin kan takarda ba ne. A dajin Wytham da ke kusa da Oksifod, masanan jami'ar garin suna bin rayuwar wannan tsuntsu tun 1947, da akwatunan sheƙa kimanin 1,000, kowane ɗa da aka ƙyanƙyashe a ciki sai an sa masa zobe mai lamba a ƙafa. A cikin waɗannan shekaru an yi zamanin da akwai shaho a dajin, aka yi zamanin da ya ɓace ƙaƙaf, aka yi zamanin da ya dawo. Bayan dawowarsa masu binciken sun riƙa tsintar zobban a sheƙar shaho da wuraren da yake fige abin da ya kama, suka gano cewa a wasu shekaru yana ɗauke kusan kashi ɗaya cikin uku na 'ya'yan da suka tashi. Adadi ne mai ban tsoro. Duk da haka yawan masu yin sheƙa kowace bazara bai faɗi ba, kamar yadda bai yi tashin gwauron zabi ba a shekarun da babu shahon. Abin da ya canza shi ne lokacin mutuwar da sanadinta: maimakon yunwar tsakiyar hunturu ta kwashe su, sai farce ya riga ta. Har ma an lura da wani abu mai ban sha'awa, wanda aka wallafa a mujallar Nature a 1995. A shekarun da babu shaho tsuntsayen sun ƙara ƙiba, da ya dawo kuma suka rage jiki, domin mai nauyi ba ya saurin tashi. Shaho yana canza yadda ƙaramin tsuntsu ke rayuwa, wannan tabbas ne. Canza yawansa kuwa wata magana ce daban.

Me ya kawar da shahon a wancan lokaci? Nan ne rubutun Malam ya tsallake babi guda na tarihi. Gwajin da yake neman a yi, na raba ƙasa da shaho a ga abin da zai faru, an riga an yi shi, ba da niyya ba. Daga ƙarshen shekarun 1940 manoman Birtaniya suka fara amfani da maganin ƙwari na DDT, a tsakiyar shekarun 1950 kuma aka shigo da aldrin da dieldrin ana cuɗa iri da su kafin shuka. Tsuntsu ya ci irin, shaho ya ci tsuntsun, guba ta taru a jikinsa. Wasu suka mutu nan take, wasu kuma ɓawon ƙwansu ya yi siriri har yana fashewa a ƙarƙashin uwa, abin da wani masani, Derek Ratcliffe, ya tabbatar a 1967. Zuwa farkon shekarun 1960 shaho ya kusa ƙarewa a gabashin Ingila, inda noman hatsi ya fi ƙarfi, kuma bai gama komawa can ba sai wajen 1990. Shekaru kusan talatin ke nan. In da shi ne ya danne ƙananan tsuntsaye, da a wannan tsakani sun cika ƙasa. Ba su cika ba. A wani fili da ake kira Bookham a gundumar Surrey an ƙirga tsuntsaye daga 1949 zuwa 1979, da shaho, babu shi, da dawowarsa, ba a ga ƙirgen ya bi sawunsa ba. Abin da ya fi wannan ƙarfi ma, faɗuwar tsuntsayen gona mafi muni ta auku ne daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa tsakiyar na 1980, lokacin da shaho bai riga ya koma da yawa daga cikin gonakin gabas ba.

Zargin cewa ƙungiyoyi na ɓoye gaskiya kuwa, ina roƙon Malam ya janye shi. Akwai wata ƙungiya mai suna SongBird Survival wadda ra'ayinta a kan mahara ya fi kusa da nasa. Ita da kanta ta ba da kuɗin wani babban bincike da BTO ta gudanar, aka wallafa a 2010, aka bi bayanan kusan shekara 40. An duba jinsin tsuntsaye 29. A guda 22 ba a sami wata shaida cewa ƙaruwar mahara ta rage su ba. A 'yan kaɗan an sami alamar cewa inda shaho ya ƙaru sun ragu, cikinsu har da gwarar daji, kuma masu binciken sun faɗi hakan ɓaro-ɓaro ba su rufe ba. Wanda ke ɓoye gaskiya ba ya buga abin da bai yi masa daɗi ba. Tun kafin nan, a 1998, wani nazarin ya duba jinsi 23 a wurare masu shaho da magfai da wuraren da babu su, bai ga bambanci a yadda suke raguwa ba.

Ko ba a buɗe mujallar masana ba, duba waɗanda suka ragu da waɗanda suka ƙaru ya isa ya sa mutum ya dakata. Tit ɗin nan yana cikin abincin da shaho ya fi ci, amma ya fi yawa yanzu a kan 1970. Golfinc, mai jar fuska da ratsin rawaya a fiffike, ya ninka tun daga 1995, kuma a bakin mazubin abinci yake wuni, wurin da shaho ya fi kai hari. Babbar kurciyar daji, wadda macen shaho ke kamawa, ta cika lambuna har mutane na ƙorafi. A ɗaya ɓangaren ga tsattsewa, wadda ke ci a sama, ta sha a sama, ta yi barci a sama, shahon lambu ba shi da ta yadda zai cim mata. Ta ragu da sama da kashi 60 cikin 100 tun 1995. Ramukan da take sheƙa a ƙarƙashin rufi ana toshe su duk lokacin da aka yi wa tsohon gida kwaskwarima, ƙwarin da take kamawa a iska kuma sun ragu. Mahari ɗaya ba zai bar abincin da ke gabansa ya yi ta yaɗuwa, ya je ya ƙarar da wanda bai iya kamawa ba.

Mu zo kan gwara, tunda ita ce ta fi damun Malam. A lambun Kensington da ke tsakiyar Landan akwai ƙirge mai dogon tarihi. A 1925 an ƙirga 2,603. A 1948 sun koma 885. A 1975 saura 544, a 2000 kuwa guda 8. A duba faɗuwar farko: kashi biyu cikin uku sun tafi a shekara 23, a zamanin da babu shaho mai sheƙa a tsakiyar birnin. Abin da ya tafi a lokacin doki ne. Landan ta dawakai ce a da, hatsi na zubowa daga jakar da ake rataya wa doki a baki, yana fitowa a kashinsa a kan titi, gwara na bi tana tsinta. Mota ta kori doki, abincin ya tafi da shi.

Faɗuwar ƙarshe ita ce wadda Malam zai iya riƙewa, kuma ba zan hana shi ba. Shaho ya shigo cikin Landan a shekarun 1990, daidai lokacin da gwarar birnin ta yi mummunar faɗuwa. Wani masani, Christopher Bell, da abokan aikinsa sun wallafa nazari a 2010 suna cewa raguwar gwara a lambuna ta bi sawun dawowar shaho yanki bayan yanki, watakila saboda gwarar da ta yi shekaru ba ta san shi ba ta saki jiki. Nazari ne na gaske, kuma ana ta muhawara a kansa. To amma magana ce a kan tsuntsu ɗaya a wani irin wuri, ba hukunci a kan duk tsuntsayen lambu ba. Kuma a Wels da Sikotilan, inda shaho bai taɓa ƙarewa kamar a gabas ba, yana nan kuma har gobe, gwarar gida ƙaruwa ta yi tun daga 1995.

Akwai kuma mutuwar da shaho ba shi da hannu a ciki ko kusa, domin a cikin sheƙa take faruwa. A garin Lesta wata mai bincike, Kate Vincent, ta yi shekaru tana leƙa akwatunan gwara. Babbar gwara hatsi take ci, amma ɗanta a kwanakin farko sai da ƙwari: darɓa, tsutsa, gizo-gizo, ƙananan ƙwaro masu laushi. Abin da ta gani shi ne, a haihuwa ta biyu da ta uku, cikin watannin Yuni da Yuli, 'ya'ya da yawa suna mutuwa a kwanakin farko, waɗanda suka tashi kuma ba su da nauyin da zai kai su ko'ina. Inda iyaye suka rasa ƙwari suka koma ɗura musu burodi da ƙwayar hatsi, mutuwar ta fi yawa. Ɗan tsuntsun da ya mutu tsirara a cikin akwati, uwar ta jawo shi ta yar, tururuwa ta kwashe kafin gari ya waye, babu wanda zai gan shi ta taga, balle ya rubuto wa mujalla.

Ina ƙwarin suka tafi? Malam ya fita ƙofar gidansa ya dubi layinsu. Lambun gaban gida da ke da ciyawa da shinge a da, yau an daɓe shi don ajiye mota. Shingen ganye mai duhu, wanda gwara ke faɗawa ciki in ta ga inuwar shaho, an sare an kafa katako. Wasu ma ciyawar roba suke shimfiɗawa. Wani rahoto da ƙungiyar London Wildlife Trust ta fitar a 2011 ya nuna cewa a cikin shekarun da ya duba lambunan gidajen Landan suna rasa ganye da ciyawa da faɗinsu ya kai filin Hyde Park biyu da rabi kowace shekara. Gwara ba ta nisa da inda aka haife ta. In layinku ya zama siminti, ba ta da wurin zuwa. Sannan a 2019 aka gano wata masifar a jinin gwarar Landan: zazzaɓin cizon sauro irin na tsuntsaye, wanda aka samu a jikin kimanin kashi 74 cikin 100 na waɗanda aka gwada, kuma inda cutar ta fi tsanani nan garken ya fi raguwa. Matsalar gwarar birni ta fi ɗaya, shi ya sa har jaridar Independent ta sa ladar fam 5,000 a shekarar 2000 ga wanda ya warware ta. Wanda ya ce amsa ɗaya ce, kuma tana da farce, ya yi gaggawa.

A karkara maganar ta fi fitowa fili. Da, ana shuka sha'ir da alkama da yawa a bazara, gona ta kwana hunturu da kututturen kara da kala da 'ya'yan ciyawa, tsuntsaye su yi ta kiwo. Yanzu ana girbi a juya ƙasa a sake shuka tun kaka. Maganin ciyawa ya kashe ciyawar da ke ba da iri, maganin ƙwari ya kashe abincin 'ya'ya, kusan rabin shingayen gonaki an tumɓuke su bayan Yaƙin Duniya na Biyu don manyan injuna su sami hanya. Wani nazari na 2023 da ya haɗa ƙasashen Turai 28 ya sami tsuntsayen gona sun ragu da kashi 57 cikin 100 tun 1980, ya kuma ɗora babban alhakin a kan feshi da takin zamani. A Jamus, masu tarkon ƙwari na garin Krefeld sun auna abin da ke faɗa wa tarkonsu na shekara 27, suka ga nauyinsa ya ragu da sama da kashi 75 cikin 100, kuma a wuraren da aka keɓe don kare halittu ne ma.

Akwai tsuntsu ɗaya da nake so Malam ya tsaya a kansa, domin labarinsa ya shafi duk mai rataya abinci a lambu, kuma kusan rabin gidajen Birtaniya suna yi. Girinfinc ne, koren nan mai kaurin baki, ɗan dangin kanari. A shekarun da shaho ke dawowa, shi bai faɗi ba, daga baya ma ƙaruwa ya yi ta yi har zuwa tsakiyar shekarun 2000. A 2005 aka fara ganin wata cuta a jikinsa, ƙwayar da aka daɗe da sani a maƙogwaron tattabara da kurciya. Wanda ya kamu za ka gan shi a gindin mazubi ya kumbura gashi, ido a lumshe, fuska a jiƙe, ɓawon hatsi ya manne masa a baki. Yana jin yunwa, yana ɗaukar ƙwaya, amma maƙogwaro ya toshe, sai ya dawo da ita da yawu. Na kusa da shi ya tsince ta. A sha ruwa a kwano ɗaya, a tsaya a faranti ɗaya, cuta ta zagaye unguwa. Cikin 'yan shekaru yawansu ya faɗo daga kimanin miliyan 4.3 zuwa miliyan 2.8, bai kuma tsaya nan ba, har a 2021 aka sa shi a jerin tsuntsayen da suka fi shiga haɗari a ƙasar. Wannan faɗuwa an san sanadinta, an san shekarar da ta fara, an buɗe gawawwaki an gani. A lambunan masu ƙaunar tsuntsaye ta yaɗu. Ban faɗi haka don in ɗora wa kowa laifi ba, alheri mutane suka nufa. Amma mai son tsuntsu da gaske, aikin da ke gabansa shi ne wanke mazubi duk mako, sauya ruwa kullum, sauya wurin da yake ratayawa, da kuma sauke komai na 'yan makonni da zarar ya ga mara lafiya guda ɗaya. Malam ya cika shafi biyu a kan shaho, bai ba wannan layi ɗaya ba.

Wani ɓangaren labarin kuma a ƙasarmu yake. Da yawa daga tsuntsayen da ke sheƙa a shingayen Ingila a nan Sahel suke cin rani. A bazarar 1969 masu ƙirge a Birtaniya suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda a da kowane shinge ke da shi, bai dawo ba. Kusan kashi uku cikin huɗu sun ɓace a hunturu ɗaya, kuma a lokacin shaho yana can ƙasa warwas saboda guba. Da aka bi sawu sai aka tarar damina ce ta gaza a Sahel a 1968, farkon babban farin da iyayenmu suka sha wuyarsa har cikin shekarun 1970. Tsuntsun nan sai ya tara kitse kafin ya ƙetare Sahara, kuma masanan da suka yi aiki a Malamfatori a bakin Tafkin Chadi a ƙarshen shekarun 1960 sun ga yadda irinsa ke dogara da 'ya'yan itacen asawaki kafin tashi. In babu ruwa, babu 'ya'yan itace, babu ƙwari, sai ya faɗi a hamada. Saboda haka duk itacen da aka sare a Yobe ko Diffa, da duk ambaliyar da ta ragu a fadamar Haɗejiya da Nguru bayan gina madatsun Tiga da Challawa, suna cikin lissafin tsuntsayen da Bature ke jira a bazara. Bindiga a Surrey ba za ta gyara wannan ba.

Kuma dalilin da ya sa na ga wajibi ne in mayar da martani da Hausa ke nan. Masu karanta Malam ba a Ingila kawai suke ba. Suna ƙasar da yaro ke tashi da danƙo a wuya, inda ake ganin shaho da shirwa a matsayin ɓarayin 'yan tsaki, inda ungulu ta ɓace daga mahautai da yawa. Wani nazari da aka wallafa a 2024 ya duba jinsi 42 na tsuntsaye masu farauta da masu cin mushe a Afirka, ya sami kusan kashi 90 cikin 100 suna raguwa, Afirka ta Yamma kuma ita ce kan gaba a asara. Mutanen da ke cikin wannan hali ba sa bukatar a ƙaro musu hujjar kisa daga Turai, musamman hujjar da a can ma ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Ban ce mahari ba ya taɓa rage tsuntsu ba. Tsuntsayen da ke saka ƙwai a ƙasa a fili, masu ƙwai huɗu sau ɗaya a shekara, dila da hankaka suna yi musu illa ta gaske. A wani gwaji da aka yi a tsaunukan Otterburn na arewacin Ingila, rage waɗannan mahara ya ninka nasarar haihuwarsu kusan sau uku. A tsibirai kuma ɓera kaɗai ya isa ya share garken tsuntsayen teku. Amma wata babbar bita da aka yi a 2018 ta raba tsakani: shaidar tana da ƙarfi a kan masu sheƙa a ƙasa da na teku, tana da rauni a kan ƙananan masu waƙa. Magfai yana fasa sheƙa, abin kuma ba kyan gani, sai dai ƙwai da 'ya'yan tsuntsu ɗan ƙaramin kaso ne na abincinsa, na 'yan makonni a shekara, kuma tsuntsun da aka fasa wa sheƙa yakan sake wata. Tun 1991 aka duba shekarun da magfai ya yi ta ƙaruwa, ba a ga nasarar sheƙar tsuntsaye masu waƙa ta faɗi ba.

Kyanwa ce kaɗai a jerin Malam da nake ganin ya kamata a zauna a kanta, kuma kuskurensa shi ne haɗa ta da shaho a kwando ɗaya. Shaho yawansa a ɗaure yake da yawan abincinsa. In tsuntsaye suka ragu a wuri, shi ne farkon mai jin yunwa, 'ya'yansa su mutu, ya bar wurin. Yawancin 'ya'yan shaho ba sa cika shekara. Kyanwa kuwa daga gwangwani take ci, tana da likita, tana da ɗaki mai ɗumi, ko tsuntsu ɗaya ya rage a unguwa ba za ta rame ba, kuma ba za ta fasa farautarsa ba. Shahunan Birtaniya duka ba su wuce ma'aurata kimanin 30,000 ba, kyanwoyi kuwa sun haura miliyan 10. Wani ƙiyasi da aka yi a kan watanni biyar na 1997 ya ce sun kawo tsuntsaye miliyan 27 gida. A ƙauyen Felmersham, binciken da aka wallafa a 1987 ya ɗora musu aƙalla kashi 30 cikin 100 na mutuwar gwara. Ko a nan ma ba kisa ne magani ba, domin kyanwa tana da mai ita. A tsare ta a ɗaki da asuba da magariba, musamman lokacin da 'ya'yan tsuntsu ke koyon tashi. Masana a jami'ar Exeter sun nuna a 2021 cewa abinci mai nama sosai ya rage abin da take kamowa da kashi 36 cikin 100, wasa da ita na 'yan mintuna kullum kuma da kashi 25.

A ce ma an ba Malam abin da yake so, an buɗe doka. Ka harbe shahon da ke zuwa lambunka, akwai wasu marasa gurbi da ke yawo suna jiran wuri, kuma gwaje-gwajen Ian Newton, wanda ya shafe shekaru yana nazarin wannan tsuntsu a kudancin Sikotilan, sun nuna ba a daɗewa wani ke maye gurbin. Sai dai a yi ta harbi kowace shekara a faɗin ƙasa, a koma zamanin da masu gadin gandu suka ƙarar da manyan tsuntsayen farauta daga Ingila. Alhali shahon ma ba ƙaruwa yake yi ba yanzu. Ƙirgen shekara-shekara ya nuna ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu tun 1995, kuma a cikin wannan raguwar tasa ce girinfinc ya faɗi, tsattsewa ta faɗi, gwarar Landan ba ta koma yadda take ba. Cikin abubuwan da ake zargi da rage shi har da cutar maƙogwaron nan, domin shahon da ya ci tsuntsu mai ɗauke da ita shi ma yana kamuwa.